Shugaba Kurege da Kwaɗin Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To ku matso kusa da wuta. Wannan ba mai yawan dariya ba ce, amma in dariyar ta zo, kar ku riƙe ta.

Wani gari ne na namun daji, ana ce masa Gindin Marke. Garin ba shi da sarkin gado, shugaba suke zaɓa. Duk bayan damina uku, in an cire gyaɗa ta bushe, sai a ajiye masakai biyu a ƙarƙashin marken da ke tsakiyar gari, kowane ɗan takara da nasa. Duk baligi ya zo da gyaɗa cikin tafin hannu, ya zuba a masakin wanda yake so. Ba a ƙirgawa. Masakin da ya fi cika, mai shi ne shugaba. Gyaɗar kuwa sai a kai gidansa, don ya riƙa ciyar da baƙi da marasa lafiya. Mai gadin masakan ita ce Kande Bushiya. In rana ta faɗi ba a gama zubawa ba, sai ta rufe su da asabari ta dunƙule a kai, duk mai ƙarfin hali ya zo ya taɓa.

Tafki ɗaya ne a garin, kuma kwaɗi ne ke duba shi. Aikin da suka gada ke nan, kuma shi suka karanta. Kullum da sassafe sai su shiga ruwan ta kowace kusurwa, su zauna har fatarsu ta gaya musu abin da ke ciki. Su fito, su haɗu, su yi ta gardama, wannan ya gyara wa wannan. In bakinsu ya zo ɗaya, sai babbansu, Baba Nomau, ya hau dutse ya yi shela. In ruwa lafiya, ya ce, "Ku sha." In ba lafiya, ya ce, "A dakata." Ranar a dakata, kowa ya ɗauki tulu ya tafi maɓuɓɓugar da ke bayan duwatsu, tafiyar da in ka fita da hantsi ba ka dawowa sai la'asar.

To a garin akwai wani kurege, sunansa Korau. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma babu gonar gyaɗar da bai san ɗanɗanonta ba. Wata ranar zaɓe yana kan reshe, ya ga an ɗauki masaki cike taf, ana kiɗa, an nufi gidan shugaba da shi. Ya koma gida ya tasa tuwo gaba, ya kasa ci.

Matarsa Kuluwa ta ce, "Maigida, lafiya kake kallon tuwo kamar ya yi maka laifi?"

Ya ce, "Kuluwa, na ɓata ƙuruciyata a banza. Ina ta rarrafe a gonakin mutane ana jifana, ashe akwai hanyar da masu gona za su kawo maka gyaɗa har gida, da ƙafarsu, suna yi maka addu'a."

Ta ce, "Wannan ai ta baƙi ce da marasa lafiya."

Ya ce, "Ni ma baƙo ne a gidan shugaba. Kuma tun da na gan ta ba ni da lafiya."

Daga ranar ya soma aiki. Duk ranar a dakata, sai ya je ya tsaya a hanyar maɓuɓɓuga, yana tarar masu dawowa da tulu, wuya ya ƙage, ƙafa ta kumbura.

Ya ce, "Sannunku da wahala. Wa ya sa ku wannan tafiya? Kwaɗo? Kai Ɓauna, da girmanka, abin da bai kai kofatonka ba shi zai hana ka ruwan garinku? Shekaranjiya sun ce a sha, yau sun ce a dakata. Da safe ku je ku ji su, gardama suke yi. Su kansu ba su sani ba. Ku zuba mini gyaɗa, in na hau babu sauran a dakata."

Maganar ta yi wa masu tulu daɗi. Wanda ya yi takara da shi wani tsohon kunkuru ne, da ya tashi bayani a kan gyaran magudanar ruwa, kafin ya kai tsakiya rabin taro sun yi barci. Aka zuba gyaɗa, masakin Korau ya cika har yana zuba. Kande ta duba ta ce babu maguɗi. Aka yi kiɗa, aka kai masa har gida.

Baƙi suka zo, aka ce Shugaba yana ganawa. Marasa lafiya suka aiko, aka ce Shugaba yana ganawa. Da gyaɗa yake ganawa. Kafin ruwan farko ya sauka, masaki ya koma fayau, aka mayar wa Kande, damina uku kuwa da nisa.

Sai idonsa ya faɗa kan jujin gari. Jujin yana can yamma, inda ƙasa ta gangara ta juya wa tafki baya. Nan ake zubar da shara da kashi da mushe, ungulaye su sauka su share abin da ya rage. Shekara da shekaru ƙasar wurin ta yi baƙi wuluk, in ka jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya sai ta ba ka kwando. Korau ya kira ɓeraye, dangin kakarsa ta wajen uwa, waɗanda ya naɗa ministoci. Ya ce daga yau juji ya zama gandun gwamnati, shara kuma a riƙa zuba ta a kwazazzabon da ke bayan tafki.

Baba Nomau ya yi tsalle-tsalle har fadar Shugaba. Ya gaishe shi ya ce, "Ranka ya daɗe, kwazazzabon nan bakinsa a tafki yake. Ruwan farko zai kwashe duk abin da aka zuba ya kawo mana."

Korau ya ce, "Baba Nomau, ka taɓa ganin hakan ta faru?"

Ya ce, "Ban taɓa gani ba, don ba a taɓa zubawa ba."

Korau ya juya ga ministoci ya ce, "Kun ji ko. Bai gani ba, yana faɗa. Mu a wannan gwamnati abin da ido ya gani muke bi."

Nomau ya ce, "Ruwa gangara yake bi, ranka ya daɗe. Ba ya tambayar gwamnati."

Korau ya ce, "Wannan ra'ayinka ne. A gai da gida."

Aka yi ta zuba shara a kwazazzabo. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye kwaɗi suka shiga tafki, ba su daɗe ba suka fito, ranar ko gardama ba a yi ba. Baba Nomau ya hau dutse ya ce, "A dakata."

Gari ya ɗauki guna-guni. Wasu suna cewa ina alkawarin da aka yi mana, wasu suna tambaya me ya shiga ruwan. Korau ya ga in aka bi sawun tambayar nan, a gonarsa za a tsaya. Sai ya tara jama'a ya ce ya gano matsalar kwaɗi, rashin shugabanci ne. Ya ce ya kafa Hukumar Ruwa, kuma ya samo mata wanda ya san tafki ciki da waje, wanda tun yana ƙarami bai da abin sha'awa kamar kwaɗi. Ya ce Zalɓe ya fito a gan shi.

Zalɓe ya fito yana taku ɗai-ɗai, yana gyara dogon baki.

Sabuwar doka ta ce babu kwaɗon da zai hau dutse sai da izinin Hukuma. Washegari wani kwaɗo ya je neman izini, bai dawo ba. Wani ya bi sawunsa ya ji dalili, shi ma bai dawo ba. Daga nan kwaɗi suka nutse ƙarƙashin ganyen bado suka yi tsit. Zalɓe ne ke hawa dutse kowace safiya, ko ƙafarsa bai jiƙa ba, ya ce, "Ku sha, ruwa garau." Wani lokacin sai ya haɗiye abin da ke bakinsa tukuna maganar ke fita.

Jama'a suka ce yauwa, ga shugaba mai cika alkawari. Aka jingine tulunan tafiya.

Shi kuwa Korau, da ya shiga gida ya ce, "Kuluwa, kar in ga ruwan tafki a randar gidan nan."

Ta ce, "A'a, ba garau ba ne?"

Ya ce, "Garau ne na jama'a. Shugaba yana da nasa tsarin."

Ya sa ɓeraye suna ɗebo masa ruwa a ɓoye, daga maɓuɓɓuga da ƙananan kududdufai. Ya sa aka ɗauko Baba Nomau aka saka shi a wata tukunya a bayan ɗaki, aka rufe da faifai, aka ce shi baƙon gwamnati ne. Kowane tulu aka kawo, sai a tsiyaya masa a jiki.

Nomau ya ce, "Wannan tulun lafiya. Na tafki kuwa mutuwa ne, ka gaya wa jama'a."

Korau ya ce, "Rabin farko na tambaye ka."

Gobe ma haka. "Wannan tulun a zubar. Na tafki kuwa mutuwa ne, ka gaya wa jama'a."

"Rabin farko na tambaye ka."

Ba a yi nisa cikin damina ba cuta ta shigo, amai da gudawa. Da ƙanana ta fara, sannan tsofaffi. Akwai wata gada, Barmani, mai 'yan tagwaye da ba su daɗe da fara kiwo ba. Ta kai su tafki da safe bayan shelar Zalɓe, suka sha, suka yi wasa a bakin ruwa. Kwana biyu ta binne ɗaya, ta dawo ta tarar ɗayan ya bi shi.

Ungulaye suka soma kewaya sararin gari. Duk wanda ya ɗaga kai ya san an yi rashi, ya kuma san unguwar. Korau ya ɗaga kai shi ma, ya ga sama ta yi baƙi da fukafukai. Ya aika aka kira babbarsu.

Ya ce, "Kewayen nan da kuke yi yana tayar wa jama'a hankali, yana ɓata sunan gari. Baƙo ya hango daga nesa sai ya ce mutuwa ake yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai mutuwar ake yi. Mu ba mu kashe kowa, sai an mutu muke zuwa."

Ya ce, "To ku daina zuwa, mu ga ko za a daina mutuwar."

Ungulaye suka tashi suka bar garin. Sama ta yi fes. Ministan yaɗa labarai ya zaga unguwa-unguwa yana cewa a duba sama a gani, babu mai mutuwa a Gindin Marke, an dai samu waɗanda suka kwanta ba su tashi ba tukuna. Waɗanda ba su da mai binne su kuwa, ɓeraye suka riƙa jan su zuwa kwazazzabo. Ruwa ya sauka ya yi aikinsa.

To garin yana da wata al'ada. In shugaba ya ci amana, jama'a sukan taru a ƙofar gidansa, Kande ta ɗauko masakin da aka zaɓe shi da shi, ta tambaye su ko a kife. In suka amsa, ta kife shi a ƙasa, mulkinsa ya ƙare ke nan. Wata safiya Korau yana karin kumallo da sabuwar gyaɗar gandu, sai ya ji sawu kamar ana sussuka. Ya leƙa ya ga gari kaf a ƙofarsa, Kande a gaba da masaki, Barmani a gefenta, idonta ya bushe don kuka.

Ya haɗiye ta bakinsa, ya shafa ƙasa a fuska, ya fito yana share ido.

Ya ce, "Jama'a, kun riga ni. Yanzu nake shirin zagawa gaisuwa."

Kande ta ce, "Gaisuwar wa? Ai gwamnatinka ta ce ba a mutu ba. Korau, mun zo kife masaki."

Ko "ranka ya daɗe" ba ta ce ba, ya kuma lura. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga murya daga bayan ɗaki, daga cikin tukunya, da iyakar ƙarfin tsoho:

"Na tafki mutuwa ne. A gaya wa jama'a."

Ɓauna ya ture danga ya shiga, ya fito da tukunya, aka ɗaga faifai. Ga Baba Nomau ya rame, ga tulunan ruwan maɓuɓɓuga jere a bayan ɗaki. Korau ya dubi masaki a hannun Kande, ya ga har ta fara karkata shi. Ya dubi fuskokin jama'a, ya ga ba bayani suke nema ba, wanda za su kama suke nema.

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Na so in gama bincike kafin in tayar muku da hankali, amma tun da Allah ya tona, shi ke nan. Ga shi nan, na kama shi na tsare. Ku amsa mini. Wa ke kwana a cikin tafki?"

Wani ya ce, "Kwaɗi."

"Wa ke shiga ruwan kafin kowa ya sha?"

"Kwaɗi."

"Tun da cutar nan ta zo, wa ya je zaman makokin kwaɗo?"

Aka dubi juna. Babu wanda ya je, don wanda Zalɓe ya haɗiye ba a yi masa makoki.

Korau ya ce, "Kun ji da kunnenku ya ce ruwan mutuwa ne. Yaya aka yi ya sani? Wanda ya san abin da ke cikin tukunya tun ba a buɗe ba, shi ya yi girkin. Na hana su mulkin a dakata, suka ce za su nuna mana."

Kande ta ce, "Ƙarya kake yi. Ya faɗa a kan dutse, kai ka ɗora musu Zalɓe."

Ya ce, "Na ɗora musu Zalɓe don na fara zarginsu. Tulunan nan kuma shaida ce nake tarawa."

Barmani ta matso gaban tukunya. Ta ce, "Baba, ka san ruwan zai kashe mini 'ya'ya?"

Nomau bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Na sani, 'yata."

"Ka sani."

"Na sani, amma ki tsaya, abin yana da matakai. Bari in faro daga juji. Kin ga ƙasar yamma tana gangarawa ne ta..."

Ba su bari ya kai kwazazzabo ba. Ƙaryar Korau gajera ce, ana haɗiye ta ba tauna. Gaskiyar Nomau doguwa ce mai ƙashi, mai makoki kuwa ba shi da haƙoran tauna. Barmani ce ta fara ture tukunyar da ƙafa. Taron ya juya ya nufi tafki da sanduna. Kande ta ɗaga murya ta tambaya ko a kife, babu wanda ya tsaya ya amsa. Ta tsaya ita kaɗai da masaki a hannu, al'ada kuwa ba ta yarda ta kife da ra'ayin kanta ba.

Kafin azahar an kori kwaɗi kaf daga Gindin Marke. Suka bi hanyar gabas cikin rana, Baba Nomau a baya, yana tsalle ɗaya yana hutawa. Kafin la'asar an sauke Kande, aka ce ta goyi bayan masu guba, kuma dama ƙayarta tana tsorata masu zaɓe. Aka ba ɓeraye gadin masakai.

Korau ya shiga gida yana rawa, yana juya wutsiya. Ya ce, "Kuluwa, kin ga aikin ƙwaƙwalwa? Da masaki suka zo, da godiya suka koma."

Ta ce, "Na gani. Wa zai duba mana ruwan gobe?"

Rawa ta tsaya.

Dama masu ciwo sun fara jan jiki zuwa maɓuɓɓuga, wasu a can suka cika, don haka ita ma ba a san halinta ba. Korau ya kwana biyu yana lasar raɓa, sannan ya samo dabara. Ya ƙirƙiro sarautar Sarkin Ɗanɗano, mai rawani da alkyabba. Aikin mai ita ya fara kurɓar ruwan Shugaba, don girmamawa. In ya kwana lafiya, Shugaba ya sha. In bai kwana lafiya ba, a zubar da tulun, a naɗa wani. Ɓeraye suka yi ta rububin sarautar. Rawanin bai taɓa daɗewa a kai ɗaya har ya yi datti ba.

An kori kwaɗi, cuta ba ta tafi ba. Rani ya zo ta lafa, gwamnati ta yi bikin nasara. Damina ta dawo, ta dawo da ita. Zalɓe ya ga babu sauran abin da zai shugabanta a tafki, ya tashi ya yi arewa ko sallama babu. Shelar safe ta ƙare. Kowa ya sha abin da ya samu, ya kwanta ya jira. Unguwanni suka koma kufai, ciyawa ta rufe hanyar kasuwa. Gandun gwamnati ne kaɗai ke yin kyau, shi ma ɓeraye sun fi Shugaba sanin ƙofar rumbunsa.

Barmani kuwa tun a damina ta biyu ta bi ruwa da ƙafarta, daga bakin tafki ta haura har cikin kwazazzabo, ta ga abin da ke ciki. Ta zauna a wurin har rana ta karkata. Daga nan ta tafi gidan Kande ta ce, "Yaya Kande, tsohon nan daga juji ya ce zai faro."

Kande ta ce, "Daga nan ya ce."

"Ni na ture shi."

Kande ta matsa mata wuri a tabarma.

Da lokacin zaɓe ya zo, Barmani ta tsaya takara. Ba ta yi dogon jawabi ba. Cewa ta yi a mayar da juji inda yake, a je a ba kwaɗi haƙuri. Waɗanda suka rage suka fito, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su. Gyaɗar bana ba ta da yawa, don masu noma sun ƙare, amma kowa ya kankaro abin da zai cika tafi. Korau yana kan reshe yana kallo, ya ga masakin Barmani yana tashi, nasa kuwa ana ganin gindinsa. Da rana ta faɗi ministoci suka ce ba a gama ba, sai gobe. Suka rufe da asabari suka ce kowa ya tafi ya huta, akwai masu gadi.

Da safe aka ɗaga asabari. Masakin Korau cike, na Barmani ɓawo zalla. Masu gadi suna kwance a gefe, ciki ya yi tulu, suna gyatsa.

Korau ya ce, "Allah sarki, Barmani. Mutanenki ɓawo suka zuba miki. Haka siyasa take, sai haƙuri."

Ya shirya jin gardama, har ya tanadi amsa. Ba wanda ya yi gardama. Barmani ta dubi ɓawon, ta juya ta ce, "Yaya Kande, ta ina kwaɗi suka bi?"

Kande ta ce, "Gabas."

Suka kama hanya, sauran jama'a suka bi su, mai ɗauke da tsoho, mai ɗauke da tukunya. Ɓeraye suka duba suka ga in gari ya tashi, babu sauran rumbun da za a yi wa gadi, kuma rawanin Sarkin Ɗanɗano yana nan yana jiran kai. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Babu makaɗi, babu mai ɗauka. Korau da kansa ya ja masaki har gida, yana nishi. Ya zauna ya ci, ya ci, ya ci. Kun dai san halin busasshiyar gyaɗa. Maƙogwaro ya bushe, harshe ya manne a ganɗa. Ya dubi tuluna a bayan ɗaki, an kawo su tun jiya, ba wanda ya taɓa. Ya ɗebo a moɗa, ya sassauta murya.

Ya ce, "Kuluwa, uwargida sarautar mata, zo ki sha ruwa, na ga kin gaji."

Ta fito da ƙunshin kayanta a ka. Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ba ka taɓa miƙo mini ruwa ba sai yau."

"Ai sarauta nake so in ba ki."

"Ka naɗa kanka, kai ne mai naɗi."

"Ina za ki? Ke fa matar Shugaba ce."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi garin, babu hayaƙi ko a gida ɗaya. Ta ce, "Shugaban wa?"

Ta bi hanyar gabas.

Korau ya zauna da moɗa a hannu. Ya kai ta baki, ya sauke. Ya shinshina, ba wari. Ya duba, garau. To amma na tafki ma garau yake a ido ranar da Barmani ta kai 'ya'yanta. Ya ɗebo na wani tulun, shi ma haka. Ya leƙa tsohuwar tukunyar bayan ɗaki, sai busasshen gansakuka.

Sai ya tuna baƙo ba ya ƙin ruwan maraba. Ya ɗauki moɗa ya fita bakin hanya, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya duba gabas, ya duba yamma, ko Allah zai kawo matafiyi mai ƙishirwa ya fara kurɓa. Matafiya kuwa tun daga nesa iska ke kai musu labarin kwazazzabo, sai su ratse ta daji. Ya yi kira, ya ce Shugaba ne da kansa ke marhabin da su. Suka ƙara sauri.

Mulki dai yana hannunsa, don babu wanda ya rage da zai kife masa masaki. Da asuba ya lashi raɓa a kan ciyawa, da hantsi ya koma bakin hanya. Har yau in kuna tafiya a daji za ku gan shi tsaye a kan ƙafa biyu, hannuwa a ƙirji, yana waige-waige. Ba gaisuwa yake yi ba. In ya miƙo muku ruwa, ku ce kuna azumi.

Ƙurunƙus kan ɓeran da ya yi gadin ƙuri'a. Abin koyi a nan shi ne, duk wanda zai cinye gari, ya daure ya rage mutum ɗaya da zai riƙa ɗanɗana masa ruwa. Ku tashi haka nan, wuta ta mutu. Wanda ya sha ruwa ƙarshe ya rufe randa.